Barka da Sallah daga Marree

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Hajiya da dukkan mutanen gida. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kuna lafiya kamar yadda nake a nan, barkanmu da Sallah. Allah Ya maimaita mana, Ya karɓi ibadunmu, Ya dawo da alhazanmu gida lafiya. Auta, kai za ka karanta wa Hajiya wannan, kuma kada ka tsallake ko layi ɗaya, na san halinka.

Yanzu ƙarfe tara na dare a wurinmu, ku kuwa sha biyu da rabi na rana, don mun riga ku da awa takwas da rabi. Wannan rabin awar har yau ban daina rikicewa da ita ba. Ke nan tawa Sallar ta ƙare, taku yanzu ta ɗauki zafi. Ina zaune da rigar sanyi biyu da safa, saboda watan Yuni a Ostireliya tsakiyar hunturu ne, amma hankalina yana tsakar gidanmu. Na san an sauko daga Idi tuntuni, Yaya Babba ya rataye babbar rigarsa a ƙyauren zaure, an kayar da rago, yara sun yi cirko-cirko ana korarsu suna dawowa. Na san kuma Kawu ya zo da wuƙarsa da yake cewa babu irinta a Kano, wadda kowace shekara sai an aika maƙwabta aron wata.

Goggo ta tambaye ni a waya wai garin da aka turo ni aiki ya kai Wudil? Goggo, ranar sunan 'yan biyu mutanen da suka ci tuwo a gidanmu sun fi mutanen garin nan yawa. Duk da yara da tsofaffi ba su cika ɗari ba. Sunansa Marree, ana faɗinsa kamar mari, amma ba marin da Hajiya take yi mana alkawari ba ne. Daga Adelaide, babban birnin jihar, sai ka yi tafiyar fiye da kilomita 600 ka nufi arewa, kuma in ka wuce Port Augusta garuruwan sai ƙanƙancewa suke yi har su ƙare. Akwai otal ɗaya, bene na dutse da aka gina tun 1883, da kanti ɗaya wanda shi ne gidan mai, da makaranta, da ɗan asibitin da nake aiki. In ciwo ya fi ƙarfinmu, jirgin sama ake kira ya zo da likita ya ɗauki marar lafiya, tsarin da suka fara tun 1928. Bayan gari kuwa fili ne fetal, tsakuwa ja-ja har iyakar ganinka, babu kuka, babu ɗorawa, babu ko ɗan yaro da awaki. Ruwan saman shekara bai kai milimita 200 ba. Mutanen garin sun ce in jira Disamba da Janairu in ga zafin da yake haura 45 da ƙudan da yake shiga ido da hanci. Na ce musu ni ɗan Kano ne, suka yi dariya kawai.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, na yi sallar Idi. Ni kaɗai na yi ta, amma a masallaci. Na san za ki ce masallaci a wannan dajin? Ni ma haka na ce ranar da na fara ganinsa. Yana nan kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa: gajeriyar katangar ƙasa, ginshiƙan itace, rufin ciyawa, sak rumfar makarantar allo a ƙauye. Da hantsi na sa shaddar da kika ɗinka mini, na ɗora rigar sanyi a kai, na kafa hula, na ɗauki darduma na taka zuwa can ina kabbarori a hankali. Babu mai amsa mini sai wasu fararen tsuntsaye dangin aku masu ihun tsiya. Wata mota ta masu yawon buɗe ido ta tsaya, suka leƙo, suka gan ni, suka ja da baya shiru-shiru. Abin da har yanzu jikina bai saba da shi ba shi ne alƙibla. A gida in an ce mutum yana kallon gabas an san me ake nufi. Nan kuwa yamma ake fuskanta, a ɗan karkata arewa. Duk sanda na tayar da sallar asuba ina juya wa ketowar alfijir baya sai in ji kamar marigayi Malam zai dafa kafaɗata ya juyo da ni.

Da na sallame ban iya tashi ba. Na daɗe zaune ina tuna hanyar Ƙofar Mata da safiyar Sallah, ƙamshin turare da ƙura, da yadda Malam yake riƙe hannuna gam don kada in ɓace. Ban ɓoye muku ba, na yi hawaye. Auta, wannan ma ka karanta, ba abin kunya ba ne.

Masallacin nan kwaikwayo ne na asali, an gina shi a 2003 don tunawa. Na asalin ana lissafa shi a matsayin masallaci na farko a duk faɗin ƙasar, kuma masu raƙuma ne suka gina shi. Tun zuwana nake bin labarinsu kamar na dangina. Da Turawa suka so kutsawa tsakiyar ƙasar nan, dawakai da shanu suka gaza saboda ƙishirwa. Sai aka koma ga raƙumi. A 1866 wani attajiri, Thomas Elder, ya shigo da raƙuma fiye da ɗari tare da masu kula da su, daga nan abin ya buɗe. Mutanen sun fito daga Afganistan da Balucistan da Sindh da Punjab, yawancinsu Musulmi, amma nan duk aka haɗa su aka kira su 'yan Afgan, kamar yadda a Makka kowane baƙin mutum Takari ne. Da layin dogo ya iso garin nan a 1884, sai ya zama zango. Jirgi ya sauke gari da shayi da sukari da wayar shinge, ayari ya ɗauka ya nausa daji zuwa gidajen makiyaya, ya dawo da gashin tumaki. Amale a gaba, sauran a jere igiya a hanci, tafiyar makonni. Da nake karantawa sai na riƙa jin muryar Kaka tana ba mu labarin ayarin Azbinawa da gishiri da dabino, da yadda jirgin ƙasa ya zo Kano ya rage wa madugai kasuwa.

A lokacin ba a kiran wurin da wannan suna. Hergott Springs ake cewa, sunan wani Bajamushe da aka laƙaba wa maɓuɓɓugar ruwan da ke kusa tun 1859. Da aka yi yaƙin duniya na farko, aka tsani duk abin da ya shafi Jamus, sai aka goge sunan aka bar Marree, wanda aka samo daga harshen Arabana, 'yan asalin wurin da suke nan tun kafin kowa. Layin dogon ya raba garin biyu. Turawa a gefe ɗaya, masu raƙuma da 'yan asali a ɗaya gefen. Har maƙabarta kashi uku ce. Na je can bayan Idi, tunda babu gidan da zan shiga gaisuwar Sallah. Kaburburan Musulmin suna gefe guda, wasu babu komai a kansu sai guntayen itace da rana ta cinye. Na yi musu sallama, na karanta musu abin da ya sauwaƙa. Sai na ji kamar na je gaida maƙwabta.

Mutanen nan ba da iyali suka zo ba, Hajiya. Kwangilar 'yan shekaru aka ɗauko su, kowa da niyyar ya tara abin da zai tara ya koma. Wasu sun koma. Wasu suka auri matan nan suka hayayyafa. Daga 1901 kuma aka yi dokar da ta toshe wa waɗanda ba farare ba shigowa, wanda ya tafi ganin gida da wuya ya dawo, wanda ya zauna da wuya ya kawo nasa. Akwai wani sananne cikinsu, Bejah Dervish, mutumin Balucistan, da ya ja raƙuman masu binciken hamada a 1896, ya ƙare rayuwarsa yana noman dabino a garin nan, ya rasu a 1957. Har yau akwai itatuwan dabino a Marree. Su ne kaɗai itatuwan da na gani na san sunansu ba tare da na tambaya ba. Masu raƙuman ne kuma suka haɗa kuɗi aka gina masallacin Adelaide wajen 1888, inda nake Juma'a in na sauka birni.

Mota ce ta kashe musu sana'a. Da manyan motoci suka shigo a shekarun 1920, raƙumi ya zama kaya, har gwamnati ta yi dokar harbe na sake. Da yawansu ba su iya kallon a harbe dabbobinsu ba, suka kai su bayan gari suka kwance akala. Jikokin waɗannan raƙuman ne yanzu suke yawo a daji dubbai barkatai ba mai su, har ana kama su ana sayar wa Larabawa. Ku gaya wa Kawu, shi da yake cewa bana da raƙumi zai yi layya in an biya shi bashinsa, ga su nan kyauta, sai dai ya zo da igiyarsa.

Shi ma garin abin da ya sami raƙuma ne ya same shi. Jirgin ƙasan da yake zuwa Alice Springs a tsakiyar ƙasar, wanda ake kira Ghan saboda masu raƙuman 'yan Afgan, a da ta nan yake bi. Daga 1957 ma nan ake sauya jirgi, saboda faɗin layin kudu da na arewa ba ɗaya ba ne, don haka aiki ya yi yawa, ma'aikata suka cika gari. Amma ambaliya ta yi ta wanke layin, sai aka shimfiɗa sabo can yamma, aka buɗe shi a 1980. Shi ke nan. Yanzu kawunan jirage suna tsaye a tsakiyar gari suna tsatsa, yara na wasa a gindinsu. Gara ma nan. Akwai Farina a kudu da mu, garin da aka kafa da burin noman alkama, yau kufai ne, sai bangaye da murhu.

To bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki waya na fara rubutun nan, wato suya.

Ƙasar nan tumaki kamar ƙasa, amma ban yanka ko kaza ba. Shi ya sa na aika wa Yaya Babba kuɗi a yi tawa a gida, kuma na ga hoton, rago ya yi, Allah Ya saka da alheri. Ni dai na yi tanadin naman ɗan tunkiya mai hatimin halal tun saukata birni, na ajiye a firji. Yau da la'asar na ce ko ana ha maza ha mata sai na ji ƙaurin Sallah. Na yayyanka shi, na zuba gishiri da albasa da ɗan sauran yajin Inna da nake ta lallaɓawa, na ɗora a murhun lantarki. Ya tsotse ruwansa, ya fara sakin mai, ƙamshi ya fara tashi, na rufe ido na ce yauwa. Ban ankara ba sai wata na'ura da ke manne a rufin ɗaki ta ƙwalla ƙara. Ta hayaƙi ce, kowane gida akwai. Na hau kujera ina yi mata fifita da hular Idi, ga mai yana fallatsa, ga maƙwabcina ya faɗo ba sallama da tulun kashe gobara a hannu. Da ƙyar na fahimtar da shi cewa ba gobara ba ce, Sallah ce. Na zuba masa a faranti. Ya tauna, ya tauna, ya ce akwai daɗi, amma me naman ya yi mini na gana masa wannan azaba? Su da jini-jini suke cin nasu.

Gaskiya kuma bai yi ba. Naman ya cika taushi da kitse, kafin ya soyu ya fara dagargajewa. Ba shi da wannan gardin na ragon da ya sha dusa da harawa wata uku a ƙofar gida. Sannan suya ai ba ta mutum ɗaya ba ce. Suya ita ce babbar tukunyar nan ta Kaka da ba a fito da ita sai shekara-shekara, a girke ta a kan duwatsu, a hura itacen da aka tara tun kafin watan ya kama. Ita ce hantar da ake fara gasa wa Malam ya buɗe baki da ita, ya gutsura ya miƙa wa wanda ya fi kusa, mu kuwa mu yi ta turereniya don mu zama na kusa. Ita ce Inna zaune a kujera 'yar tsugunno tana nannaɗe hanji, Goggo tana wankin tumbi tana mita an bar mata aikin wahala, ƙaurin babbakar kai da ƙafa yana shigowa daga waje. Washegari a wuni ana juyawa da dogon ludayi, ido na hawaye, Hajiya tana zaune da kwanuka a gabanta tana kasafi: wannan na gidan liman, wannan na surukai, wannan na almajirai, wannan kuma a kai ɗaki a kulle. Ni da Yaya Ƙarami mun san inda makullin yake. Hajiya, yau na tona, shekara ashirin ke nan, ki yafe mana. Aljihun sabuwar rigata da ya yi maiƙo kika dake ni a kai, to da saninsa aka yi.

Duk wannan da sauƙi. Kakide nake so. Man nan da yake kwantawa a gindin tukunya da ɓurɓushin nama, a juye a kwanon sha ya daskare. A ɗebo cokali ɗaya a ɗora a kan ɗumamen tuwo da miyar kuka da safe, ko a kan garau-garau da yaji, ka ga yana narkewa yana gangarowa. Har watan Muharram muna cin albarkacinsa. Na tsiyaye nawa a kofi ɗazu, ya yi fari fat kamar kyandir, ba ƙamshin hayaƙi, ba komai. Na dai ajiye shi, da babu gara ba daɗi. Kada kuma wani ya yi tunanin aiko mini da soye ko kilishi, a filin jirgi za su ƙwace, har da tara mai nauyi in mutum bai bayyana ba. Ƙasar nan ba ta wasa da shigo da nama.

Amma ban ci ni kaɗai ba. Akwai wata dattijuwa a nan, jikar masu raƙuma ce, kullum in mun haɗu a kanti sai ta yi mini sallama da irin lafazinta. Na kai mata nata kason a rufe, yadda aka koya mana. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi shiru, sannan ta ce rabon da wani ya kawo mata naman Idi tun tana yarinya, lokacin tsofaffin suna raye. Harshen kakanta ya tafi, ba ta riƙe komai ba sai 'yan kalmomi da sunan gidansu da girkin da ta gada. Kafin magariba sai ga jikanta da kwanon nama mai kori da gurasa irin tasu. Hajiya, kin ga an mayar mini da kwano ba wayam ba, kamar a gida. Na ji daɗi ƙwarai. Da na dawo ɗaki kuma sai jikina ya yi sanyi, na tuna kakanta ma da niyyar shekara uku ya zo. Ku riƙa sa yarana suna yi mini magana da Hausa a waya, ban son wannan Turancin da suke gwada mini.

A watan Yuli ake tseren raƙuma a nan, zuriyarsu su taru daga garuruwa a yi girki a tuna kakanni. Sun ce gari yakan cika. Shi ne hawan Sallata na bana, tunda Hawan Daushe sai dai Auta ya ɗauko mini a waya. Abubuwan mamakin garin ba sa ƙarewa. Suna da ƙungiyar masu tuƙa jirgin ruwa, da ofishinta da komai, alhali tafkin nasu, Kati Thanda, gishiri ne busasshe yawancin shekaru, har wani Bature ya taɓa tsere da mota a kansa a 1964. Sai an yi ruwa mai yawa a jihar Queensland, ya gangaro makonni, sannan ya taru. Cikar da ya yi a 1974 har yau ita ake ba da labari. Akwai kuma tsohuwar motar wani mai kai wasiƙu, Tom Kruse, a ajiye a tsakiyar gari. Daga 1936 ya yi ta bin hanyar Birdsville, fiye da kilomita 500 na rairayi da tsakuwa, duk mako biyu, don ya kai wa mutanen daji wasiƙa da gari da magani. In na wuce ta sai in ce ni da nake danna waya saƙo ya isa Kano kafin in ajiye ta, ban da bakin ƙorafi.

A gaida Yaya Babba da iyalinsa, da Yaya Ƙarami abokin sata. A gaida Kawu da Baffa da mutanen gidan liman. A gaida Goggo da kyau, a ce mata maganin gwiwa safe da dare ne, ba sai ranar da ta ji ciwo ba. Inna, yajinki ya kusa ƙarewa, saura abin da bai fi cokali uku ba a gindin kwalba, ina auna shi kamar zinariya. A gaida amaryar Auta, wannan ce Sallarta ta farko a gidanmu, kada a bar mata wankin tumbi ita kaɗai, Goggo ina magana da ke. A gaida mai shayin bakin layi da masu zaman dakali duka.

Uwargida, mun yi magana ɗazu, sauran sai an watse. Na ga lallen, ya kama.

'Yan biyuna, an ce tun asuba kuka sa kayan Sallah kuka ƙi cirewa har wurin yanka. Goron Sallarku yana wurin Baffanku, ku je ku karɓa, kada ya ce muku sai gobe. Mai sunan Malam kuwa, da na bari yana rarrafe aka ce yanzu har zaure yake zuwa da ƙafarsa, a ɗaga shi sama a ce inji Babansa. A nuna masa hotona kullum. Ranar nan da aka kara masa waya ya yi shiru yana kallona kamar baƙo, na kwana biyu abin yana cina.

Kaka, ina gaisuwa, ina neman albarka. A faɗa mata da ƙarfi a kunnen dama. A ce mata na ga raƙuma sun fi na labarinta yawa, kuma na ga dabino, kuma ina sallah a kan lokaci ko da yake yamma nake kallo.

Hajiya, ki ci gaba da sa ni a addu'a. Gobe in an sauke tukunya, a cika mini ƙaramin kwanon shan nan mai murfi da kakide a ajiye a firjin Yaya Babba. In Allah Ya yarda hutuna yana Disamba. Auta, na san adadin cokalin da yake ci.

Naku,
ɗanku na Marree.